Ɗigo Uku a Tsakar Gida

Zuwa ga Yaya,

Wa ya sayar muku da sama? Kai nake tambaya, ba ogan naku ba. A wace kasuwa aka yi cinikin, kuma ina muke ranar?

Na san za ka ce in riƙa fara wasiƙa da gaisuwa kamar ɗan mutane. To ga ta nan: ina gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka. Inna na gaishe ka, Anti 'Yar Baba ma haka. Baba bai ba da saƙon komai ba, kuma yanzu za ka ji dalili.

Rubutu nake maka don in na kira waya amsa ɗaya nake samu: “Ina cikin taro.” To takarda dai ba ta shiga taro.

Ka tuna zanen da ka turo min, ka ce in hau rufin gidanmu in shafa fenti baƙi da fari gida-gida kamar allon dara? Ka ce sabon kamfaninku ya harba tauraron ɗan adam guda na gwaji, kamararsa na neman alama a ƙasa da za ta daidaita idonta da ita. Ni kuwa wawa, kaina ya kumbura. Na ajiye aikin sola da nake haɗa wa mai kantin magani, na zazzage tsofaffin burusan Baba na rubutun allunan shaguna, na wuni a rana ina ja maka layi. Har hoto na ɗauka ina washe baki.

Shekaranjiya ina zaune a shagon aski, rabin kaina a aske, sai mai askin ya kashe inji ya miƙo min wayarsa. Bidiyon da kamfaninku ya ɗora a shafinsa ne, da rubutu a sama wai “duniya a tafin hannunka”. Ya buɗa hoton da yatsu biyu ya ce, “Auta, wannan darar ba taku ba ce?” Na ce tamu ce mana, ni na yi ta. Ya ce, “To me kuke ɗaukowa daga ɗaki haka ku biyu? Buhu ne?”

Yaya, shagon a cike yake. Kowa ya miƙo wuya. Ga katangarmu, ga igiyar shanyar Inna, ga shuɗin bahon nan babba. Ga ɗigo biyu sun fito daga ƙofa da na uku a tsakaninsu, suna tafiya kaɗan-kaɗan. Wani ya yi dariya. Ban ga laifinsa ba, bai san abin da yake kallo ba. Ni na sani. Na tashi da rabin aski na fita.

Ɗigon tsakiyan nan ubanka ne.

Kafin in isa gida maganar ta riga ni. Ka sa a sauke bidiyon nan. Ban ce ka duba ba, ban ce ka kai wa kwamiti ba, na ce a sauke.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Ƙaninka, Auta

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan mutanen gida. Na samu wasiƙarka, na kuma karanta ta sau biyu, na biyun bayan na huce.

Da farko ina so ka fahimci abu ɗaya, domin fushi ba ya maye gurbin sani. Kamarar nan ba ta ganin fuska. Ba ta bambance namiji da mace, ba ta karanta lambar mota. Mutum a idonta ɗigo ne, kamar yadda ka faɗa da kanka. In kun fito da Baba ya sha rana a kujera, ban ga abin kunya a ciki ba. Kowane tsoho yana shan rana.

Na biyu, ka tambayi wa ya sayar mana da sama. Ba wanda ya sayar, domin ba ta da mai ita. Mu kuma ba leƙen gidajen mutane muka sa gaba ba. Shirinmu shi ne mu jera taurari masu yawa, ta yadda ko'ina a duniya za a iya ganinsa a lokacin da abu ke faruwa. Ka tuna shekarar da ruwa ya ci ƙasan unguwarmu, muka wuni muna neman yaran maƙwabta? Da akwai irin wannan idon, da an san inda ruwan ya nufa tun kafin ya iso. Gobarar daji, jirgin ruwan da ya ɓace, masu sare itatuwa a ɓoye, duk wannan ne aikin. Ban bar koyarwa na zo nan don wasa ba.

Na zaɓi rufinmu ne don alfahari. Na so ranar babban taronmu da masu zuba jari, in aka nuno ƙasa kai tsaye, in ce a raina ga gidan da na tashi. Taron na nan tafe a ƙarshen wata.

Batun sauke bidiyo ba a hannuna yake ba, amma zan yi magana. Kai kuma ka rage tsinin bakin nan, ka je a ƙarasa maka askin.

Ka gaishe min da Baba. Da na kira ta bidiyo makon jiya na gan shi fes da hularsa, har na ce da abokan aikina jiki ya yi kyau.

Yayanka

*

Yaya,

Gaisuwa irin ta jiya, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Na yarda, kamararku ba ta ganin fuska. Na shiga shafinku na bi bayanan da ƙamus a hannu, kalma-kalma, yadda na koyi karatu a jikin allunan Baba. Abin da ka faɗa haka yake. Na ma ɗauka tana ji, ashe ba ta ji, ka ci wannan. Ruwan nan ma ban manta da shi ba, ni na ɗauko ƙaramar cikin yaran a wuyana.

Amma ka gaya min, mai aski fuska ya gani da ya gane gidanmu? Baƙo ne ke buƙatar fuska. Maƙwabci katanga kawai yake buƙata, da launin baho. Ku a ofis kuna ganin ɗigo, mu a layi muna ganin Baba. Kuma a ƙasan shafin nan naku na karanta cewa taurarin da za ku harba nan gaba idonsu zai fi wannan kaifi. Wannan ma ƙarya ƙamus ya yi min?

Ka ce sama ba ta da mai ita. Lallai! Titi ma ba shi da mai shi, amma ka taɓa ganin wanda ya jingina tsani a katangar mutane ya hau ya zauna, ya ce ai a titi ƙafar tsanin take? Baba ya ɗaga katangar nan da kuɗin gumin hannunsa, layi bayan layi, don ya shiga gidansa ya cire riga. Bai yi wa tsakar gida rufi ba saboda bai san akwai mai kallo daga can ba sai Allah. Shi kuwa Allah ba ya ɗorawa a shafi.

Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Ogan naku bai san mu ba. Kai ka nuna masa ƙofa, ni kuma na shafa mata fenti don kada ya ɓata.

Ka ce ka ga Baba fes da hularsa. Akwai maganar da ke bakina, Inna ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Anti ba ta rantse ba, ranar tana wajen sayen zare. Ka tambaye ta.

Askin kuwa na ƙarasa shi da kaina a madubi. Ban koma shagon ba.

Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan aiki na tafiya daidai. Ni ba gwanar rubutu ba ce kamar ku biyun, a kan keken ɗinki nake rubuta wannan, in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri.

Auta ya ce in gaya maka, Inna ta ce kada in kuskura. Na duba na ga ɓoyon ya fi faɗar illa.

Yaya, Baba ba ya tsayuwa. Tun da ciwon shanyewar jiki ya sake bugunsa, ɓarin damansa ya tafi gaba ɗaya, maganarsa ma sai ka kasa kunne. Duk ranar da za ka kira, tun da safe muke shiri. Mu sa masa riga mai guga, mu ɗora hula, mu tokare shi da matashi uku, Auta ya riƙe wayar ta gefen hagu. Inna ce ta ce kana kan sabon aiki, kada a raba maka hankali. Shi ma Baban ya ɗaga yatsa, ya yarda.

Keken guragun ba ya shiga ƙofar banɗaki. Don haka kullum da hantsi, in rana ta yi ɗumi, Auta da Inna suke ɗauko shi zuwa tsakar gida. Ni in kulle ƙofar waje in koma ɗaki. Auta ya yi masa wanka a bakin bahon nan, a shafa masa mai, a bar shi a rana yana lumshe ido. Likita ya ce ranar da motsin suna masa amfani. Ni dai abin da na sani, nan ne kaɗai nake jiyo dariyarsa, in Auta na masa ƙorafin nauyi, shi kuma yana ce masa rago.

Abin da tauraronku ya ɗauka ke nan. Ba shan rana a kujera ba ne.

Ba wanda ya sani a layin nan. Kai ka san Baba, mutumin da ko shara zai zubar sai ya sa hula. Masu zuwa dubiya ma a zaune suke samunsa, an gyara shi. Yanzu matar mai gyaran babur ta shigo har ɗaki tana cewa, “Ashe jikin ya kai haka? Ashe ɗaukarsa ake?” Da kyakkyawar niyya ta zo, har da lemo. Baba ya juya fuska bango.

Tun ranar bai fita ba. In Auta ya zo ɗaukarsa sai ya kama ƙarfen gado da hannun hagu, ya nuna sama, ya ce, “Suna nan.” Da tsumma muke goge shi a ɗaki. Bayansa ya fara ja. Na haɗa tsofaffin labule na ɗinka rumfa, Auta ya ɗaura a tsakar gida. Baba ya leƙa ta taga ya ce, “Ina ranar?” Gaskiyarsa, na rufe masu kallo na rufe rana.

Kada ka ga laifin Auta da zafin baki. A bayansa nauyin yake, ba a baki kaɗai ba. Kuma kada ka gaya wa Inna ni na faɗa, ko da yake za ta gane, ita ba ta buƙatar tauraro.

Allah Ya ƙara maka ɗaukaka.
Ƙanwarka, 'Yar Baba

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ka gaishe da Inna, ka riƙe min hannun Baba.

Wasiƙar 'Yar Baba ta same ni a ofis. Na buɗe bidiyon a babban allo na kalle shi har aka tashi aiki. Da hannuna na zaɓi wannan yankin, na gyara haskensa, na yi murna da motsin ɗigon ya fito sarai.

An sauke shi daga shafinmu. Waɗanda suka riga suka ajiye a wayoyinsu ba ni da iko da su.

Na shiga wajen shugabanmu. Ba mugu ba ne, ya saurare ni, ya ce Allah Ya ba Baba lafiya. Na ce masa ya kamata kowane gida ya samu hanyar cewa a rufe tsakar gidansa a hoto. Ya ce tunani ne mai kyau, za a duba bayan taro. Na ce to a cire unguwarmu daga nunin ranar. Ya ce alamar tana can, an gina dukan gwajin a kanta, ba lokacin sake wata. Ya ƙara da cewa in aka fara tambayar gida-gida, ba za a taɓa harba komai ba.

Don haka ga roƙona. Tauraron yana wucewa ta kanku da hantsi ne, na ɗan lokaci kaɗan. Zan riƙa turo maka lokacin kullum, ku riƙa fito da Baba bayan ya wuce. Ranar taro kuma ku zauna a ɗaki. Ka bar alamar yadda take. In na rasa aikin nan ka san hidimar gida zai shafa, ba sai na faɗa ba.

Ka yi haƙuri, ƙanena. Da an gaya min.

Yayanka

*

Yaya,

Na gaishe ka, kuma yau gaisuwar ta gaske ce. Na riƙe hannun Baba na ce daga gare ka ne. Ya matse hannuna.

Amma roƙonka ban karɓa ba. Wato mutum a gidansa sai ya duba jadawalin baƙo kafin ya cire riga? Yau tauraro ɗaya ne, sai mu laɓe masa. In kuka jera su yadda ka ce, ba dare ba rana, wane lokaci za ka turo min? Na karanta wa Baba shawararka. Ka san abin da ya ce? “Ni ɓarawo ne?”

Alamarka ba zan taɓa ta ba, ka kwantar da hankalinka. Ban ce kada ku hango ruwa ba, ban ce kada ku hango gobara ba. Tambaya ɗaya nake so a amsa, kuma tunda ogan naku ba ya karɓar waya, zan rubuta masa a inda idonsa ke kallo.

Na bi layinmu gida-gida, abin da ya ce ba zai yiwu ba. Ban sha wahala ba. Na nuna wa kowa tsakar gidansa a bidiyon. Mai gyaran babur ya ga inda matarsa ke zama tana tsefe kai, ya ce, “Kai, wannan ai gemun kowa ne ya kama wuta.” Mai aski ya biyo ni har ƙofa yana ba da haƙuri, ya ce rufinsa nawa ne, fenti ma shi zai saya. Rufi goma a jere, kowanne harafi ɗaya: DA IZININ WA. Alamar tambayar a kan rufin mai kantin magani.

In za ka kai ƙarata wajen oga, ka kai. Na faɗa maka ne don kai yayana ne, ban iya yi maka kwanton ɓauna ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa.

A matsayina na ma'aikacin kamfani, ban ga wasiƙarka ba.

Harafin da bai cika faɗin rufi ba, ba zai karantu ba. Kaurin kowane layi ya kai tsawon ƙofa. Fari a kan baƙi, kada ka sa ja, yana dushewa daga sama. Ƙafar haruffan ta kalli kudu, in ba haka ba a kife za su fito.

Ka sa hula, rana na da zafi a rufi.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya, da kuma shugabansa, in ya ga dama ya miƙa masa,

Ina gaisuwa. Wayarka a kashe take tun ranar taro, Inna ta ce in rubuta.

Ga labarin da ba ka gani daga sama ba. Ana gobe za mu hau rufin gidajen, na shimfiɗa kwalaye a tsakar gida ina zana haruffan da alli. Baba na kallo ta taga. Da na zo kan Z sai na ji ana dukan ƙarfen gado da cokali. Na shiga, ya ce, “Karkatacce.” Na ce Baba daga sama ba za a gane ba. Ya harare ni ya ce, “Hula.” Anti ta sa masa hula da riga mai guga, muka turo shi waje a kekensa. Da sanda a hannun hagu ya riƙa nuna min, nan ja, nan rage, har ya ce da ni rago. Inna ta shige kicin, wai albasa ce ta shiga idonta.

Ranar taro duk layin muna shagon aski, waya ɗaya a jingine da madubi. Aka nuno teku, aka nuno gonaki, ogan naku na ta zuba. Sai ga darata. Sai ga haruffan a jere, fari tas, ba wanda ya karkace. Nan take hoton ya zame ya koma gonaki, amma kafin ya zame wata murya a zauren taron ta karanta su da ƙarfi, a hankali, kamar malami a aji. Inna ta ce ko a cikin barci ta san muryar. In kana buƙatar wurin kwana, gadonka na nan, na kwashe batiran da na tara a kai.

Jiya wani daga kamfanin ya kira ni, murya mai laushi, wai shugaba na so mu gana mu biyu, a fahimci juna. Na ce a'a. A gaban jama'a aka nuna ubana, a gaban jama'a za a amsa masa.

Baba yana fita yanzu, amma da rigarsa da hularsa. Wanka har yau a ɗaki ne, da tsumma. Kullum da hantsi yakan ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya dube ni ya ce, “Sun amsa?”

To, ranka ya daɗe, shugaba, kai da ka ce za ka sa duniya a tafin hannun kowa: tambayar na nan a rufi, ina sabunta fentinta duk sanda ya dushe, kuma layin bayanmu sun aiko a ba su ma'auni. Ka hau dandamalin da ka hau ranar, ka kunna kamarar da ka kunna, ka faɗa da bakinka kowa ya ji. Da izinin wa kuke kallon cikin gidajenmu, kuma wace ƙofa mutum zai ƙwanƙwasa ya ce a kau da ido? Ba ni za ka amsa wa ba. Akwai dattijo a nan da ke jira ya yi wanka a rana.

Auta